Filin Kiwo Mai Gishiri a Kan Dutsen Laka: Yadda Ake Gane Shi da Yadda Ake Riƙe Shi

Akwai wata ƙasa a busassun filayen kiwo da ke ruɗar mai ita sau biyu a shekara. Da damina ruwa ya kwanta a kanta kwana da kwanaki, har a ɗauka fadama ce. Da rani ta bushe ta yi fari fat kamar an barbaɗa mata gari, ciyawa ta tsaya nan ɗaya can ɗaya. Abin da ke jawo duka biyun yana ƙarƙashinta: dutsen laka, wanda masana duwatsu ke kira shel. Laka ce da ta kwanta a ƙasan teku shekaru miliyoyi, nauyi ya danne ta har ta zama dutse mai falle-falle, idan ka fasa shi sai ya rabu kamar takardun littafi. Ruwa ba ya ratsa shi sai da ƙyar, kuma a jikinsa gishirin yake.

An fi nazarin irin wannan ƙasa a yammacin Amurka, inda wata tsohuwar teku ta bar shimfiɗu masu kauri: dutsen Mancos a jihohin Kolorado da Yuta, na Pierre a Dakota ta Kudu, na Bearpaw a Montana har cikin Kanada. Yawancin ƙa'idojin da ke cikin wannan bayani daga can aka tabbatar da su. Mu ma muna da 'yan'uwan waɗannan duwatsu, domin teku ta taɓa ratsa Sahara: dutsen lakar Fika a Yobe, da na Dukamaje da Dange a ƙasar Sakkwato, inda ake haƙar jibsam ɗin da ake kai wa masana'antar siminti. Ba duk ƙasar da ke bisa su ce mai gishiri ba. Inda ruwa ke da hanyar wucewa, lafiya ƙalau. Matsalar tana cikin kwari da gindin tudu, inda ruwa ke taruwa ya rasa mafita sai sama.

Gishirin ma ba irin na miya ba ne galibi. A cikin dutsen akwai wani ma'adini mai ƙyalli da ake kira fairait. Idan iska da ruwa suka taɓa shi sai ya ba da ruwa mai tsami, tsamin ya ci sauran ma'adinan dutsen, a sami jibsam da gishirin salfet na sodiyam da magniziyam. Shi ya sa ruwan wurin ke da ɗaci, yana kuma sa zawo.

Fara da rami

Kada a sayi komai, kada a shuka komai, sai an haƙa. Lokacin da ya dace shi ne ƙarshen rani, sa'ad da gishiri ya gama hawowa. A haƙa ramuka uku: ɗaya a tsakiyar inda ya yi sanƙo, ɗaya a bakinsa inda ciyawa ta fara, ɗaya a can inda ciyawa ta yi kyau. Kowanne zurfin mita ɗaya, ko har a ci karo da dutsen. A rubuta zurfin da aka same shi. Idan bai kai rabin mita ba, wurin kiwo ne kawai har abada, a cire maganar noma daga rai.

A duba bangon ramin. Fararen zare-zare ko ƙanana masu ƙyalli kamar fasasshen gilashi jibsam ne. Laka mai launin toka-toka ko shuɗi-shuɗi da ɗigon tsatsa alama ce ruwa yana daɗewa a wannan zurfin. Idan a ƙasa da fatar sama aka tarar da laka ta tsaya ginshiƙi-ginshiƙi, masu kai a dunƙule, da tauri kamar siminti, sodiyam ne ya kama ta.

A ɗebi ƙasa daga zurfi huɗu, kowanne a ledarsa: santimita 0 zuwa 5, 5 zuwa 30, 30 zuwa 60, 60 zuwa 90. Kada a haɗa ɓawon sama da na ƙasa. Ɓawon kan ninka na ƙarƙashinsa gishiri sau da yawa, in aka cuɗa su sakamakon zai tsorata mutum a banza.

Sai bututun awon ruwan ƙasa. A sami bututun roba mai faɗin santimita 5, tsawon mita 3, a tsattsaga rabin mitar ƙarshensa da zarto, a naɗe wurin da ƙyalle, a haƙa masa nasa rami mai zurfi a zura shi, a zuba tsakuwa kewaye da tsagun, a toshe saman ramin da laka don kada ruwan sama ya bi jiki, a rufe bakin. Duk wata a zura igiya a auna. A ƙasa mai laka, idan nisan ruwan daga saman ƙasa bai kai mita 2 ba, zai riƙa hawowa kamar yadda kananzir ke bin lagwani, rana ta shanye ruwan ta bar gishirin. Wannan awon ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Gwaji biyu da ake iya yi a gida

Na farko na yawan gishiri ne. Ana bukatar ƙaramar na'urar awon gishirin ruwa, irin wadda masu kiwon kifi da masu ruwan leda ke amfani da ita. A shanya ƙasar a inuwa, a daka, a tankaɗe. A zuba giram 20 a kwalba, a ƙara mililita 100 na ruwan sama mai tsabta ko tataccen ruwan batir wanda ba a sa masa asid ba. A girgiza sosai, a riƙa maimaitawa har rabin awa, a bari ta kwanta, a tsoma na'urar a ruwan da ya taso. Ma'aunin shi ne dS/m. Idan na'urar tana nuna µS/cm, dubu ɗaya shi ne 1 dS/m. Abin da aka samu sai a ninka shi: sau 6 ga laka mai nauyi, sau 8 zuwa 9 ga mai sauƙin laka, sau 14 ko fiye ga mai rairayi. Idan amsar ta wuce 4, ƙasar mai gishiri ce. Daga 8 zuwa 16 sai tsiro mai juriya. Sama da 16 kuwa sai 'yan tsirarun da gishiri ne gidansu.

Don a ga girman abin: albasa kan fara ragewa daga 1.2, masara daga 1.7, tumatir daga 2.5, shinkafa daga 3, dawa daga 6.8, ciyawar kiri-kiri daga 6.9.

Akwai tarko a nan. Jibsam yana narkewa a wannan ruwa mai yawa fiye da yadda yake yi a gona, kuma shi kaɗai yana iya kai na'urar kusan 2.2 kafin a ninka. Saboda haka idan an ga ƙyallinsa a rami, amsar gida ta zarce gaskiya, sai a kai samfur ɗakin gwajin ƙasa.

Na biyu na sodiyam ne, ba ya cin ko kwabo. A zuba ruwan sama a faranti, a ajiye busasshen curin ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa a hankali, kada a motsa. A duba bayan minti goma, a sake dubawa bayan awa biyu. Idan curin ya ruguje kawai ruwan yana nan garau, babu damuwa. Idan wani hazo fari-fari kamar nono ya kewaye shi, lakar tana watsewa. Irin wannan lakar ce ke toshe ƙofofin ƙasa da zarar ruwa ya sauka, ta yi santsi da damina, ta yi ƙeƙuwa da rani. A ɗakin gwaji ana kiranta mai sodiyam idan kason sodiyam a jikin lakar ya kai 15 cikin ɗari, kuma sau da yawa ma'aunin pH ɗinta, wato awon tsami ko kanwa, ya haura 8.5, kamar ƙasar kanwa. Wani lokaci har ta yi baƙin ɓawo a sama maimakon fari.

Abubuwa uku da ke cinye kuɗi

Wanke gishiri da ruwa. A littafi lissafin yana da daɗi: ruwa mai zurfin santimita 30, idan ya ratsa ƙasa mai kaurin santimita 30, yana kwashe wajen kashi 80 cikin ɗari na gishirinta. Sharaɗin shi ne ruwan ya ratsa ya tafi. A kan dutsen laka babu inda zai je. Yana sauka ya tarar da dutse, ya narkar da sabon gishiri, ya ɗaga ruwan ƙasa, ya dawo sama da kaya fiye da wanda ya tafi da shi, ko ya bi gangare ya ɓullo a filin maƙwabci. A kwarin Grand Valley na Kolorado, ruwan ban-ruwa da ke tsiyaya daga magudanai yana ratsa dutsen Mancos ya koma kogi da gishiri. Bayan dokar rage gishirin kogin Kolorado ta 1974, babban aikin da aka yi a wurin shi ne shafe magudanai, da sa bututu, da gyara yadda ake ban-ruwa, wato hana ruwa isa ga dutsen tun farko. Ƙari a kan haka, ƙasar da ta haɗa gishiri da sodiyam idan aka wanke ta da ruwa mai daɗi ba tare da kalsiyam ba, gishirin da ke riƙe lakar a dunƙule ya tafi, sodiyam ya zauna, sai ta rufe ruf.

Zuba jibsam. Shi maganin sodiyam ne, ba ya rage gishiri ko kaɗan, shi kansa gishiri ne. Ga lissafinsa: don a kori ma'auni ɗaya na sodiyam (wanda ɗakin gwaji ke rubutawa meq) daga kowane giram 100 na ƙasa, zuwa zurfin santimita 30, ana bukatar tan uku da rabi zuwa huɗu a hekta. Laka mai ƙarfin riƙo 30, wato wadda giram 100 ɗinta ke riƙe ma'auni 30 na sinadarai, da ake son sauke sodiyam ɗinta daga kashi 20 zuwa 10 tana bukatar a kori ma'auni uku, wato wajen tan 11 a hekta ɗaya. Babu ciyawar kiwon da za ta mayar da wannan kuɗi. Abin dariya ma, sau da yawa ƙasar da ke kan dutsen teku tana da nata jibsam ɗin a ciki. Inda yake da amfani shi ne ƙaramin wuri: ramin dashe, ko bakin magudana da ake tsoron ta zaizaye.

Huɗa mai zurfi. Santimita goma ko sha biyar na sama su ne duk dukiyar wurin. Garma ta juye su ƙasa ta ɗauko mai gishiri ta shimfiɗa a sama, shi ke nan an yi asarar abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana taruwa. Haka ramukan tara ruwan sama da ake kira rabin wata da tassa, da suka farfaɗo da faƙo mai yawa a yankin Tawa: a kan tudu mai zurfin ƙasa suna aiki, amma a cikin kwarin da ruwan ƙasa ke kusa suna ƙara wa wurin abin da ya riga ya yi masa yawa. Toka da sharar murhu ma kada a zuba, ƙarin kanwa ne.

Maganin yana sama da ciwon

Farin tabon da ake gani a gindin tudu ƙarshen labari ne. Ruwan da ya haife shi ya shiga ƙasa ne a can sama, ya gangaro bisa dutsen. Manoman Montana sun koyi wannan da tsada. Da suka kwashe ciyawar asali suka koma noman alkama shekara ɗaya, hutu shekara ɗaya, ruwan da ba abin da ya sha shi a shekarar hutu ya riƙa zarcewa ƙasa, sai tabon gishiri ya riƙa ɓullowa a gangare. Abin da ya yi aiki shi ne gano inda ruwan ke shiga ta hanyar bututun awo, a shuke galibin wurin da alfalfa, wata harawar dabbobi wadda saiwarta ke nitsewa mita huɗu ko fiye. Cikin 'yan shekaru ruwan ƙasa ya sauka, ruwan sama da kansa ya tura gishirin ƙasa.

Don haka a zaga saman wurin a nemi abin da ke zuba ruwa: tafkin da aka haƙa yana yoyo, magudanar hanya, kwamin shayarwa da ke ambaliya, gonar da aka share itatuwanta. A gyara wannan tukuna. A bar itatuwa da ciyawa mai daɗewa kamar gamba a kan tudun.

Idan ruwan sama ne ke kwanciya, a yi magudana mai faɗi marar zurfi, santimita 20 zuwa 30, mai gangare a hankali, a dasa mata ciyawa. Kada ta huda cikin laka mai sodiyam. Irin wannan lakar tana narkewa ta ƙarƙashi, ta yi kogo, wata rana saman ya rufta a wayi gari da kwazazzabo. A kuma san inda ruwan zai ƙare. Ba a juya shi cikin tafkin sha ko fadamar wani.

Rufe ƙasa da dashe

Ƙasa tsirara ita ke jawo gishiri sama. Inda ya yi sanƙo a shimfiɗa karan gero ko na dawa, tan biyu zuwa huɗu a hekta, a danne da rassan ƙaya don iska da awaki, a watsa busasshiyar kashin shanu. A fara daga baki a nufi tsakiya shekara bayan shekara. Wanda ya fara daga tsakiya iri kawai yake zubarwa.

Kada a yi shuka da ruwan farko. A bari manyan ruwa biyu ko uku su tura gishirin sama ƙasa, domin tsiro ya fi rauni lokacin da yake fitowa. A ja kunya mai tsayin santimita 20 zuwa 30 don saiwa ta tsira daga jiƙa, amma a shuka a kafaɗar kunyar. Ƙololuwarta nan ne ruwa ke ƙafewa, nan gishiri ke taruwa. Ƙananan iri kada su nitse fiye da santimita ɗaya.

A Amurka ciyawar da ke riƙe irin wannan wuri ita ce Sporobolus airoides da Distichlis, da ƙananan itatuwan gishiri na dangin Atriplex. A wajenmu kiri-kiri ce ta fi sauƙin samu. Ana dasa jijiyarta tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya. Cikin itatuwa bagaruwa tana jure laka da kwanciyar ruwa, dushe da aduwa suna zama a laka mai nauyi, itacen arak da ake asuwaki da shi kuwa yana son ƙasa mai gishiri. Mafi alheri dai a duba abin da ya riga ya tsiro da kansa a bakin wurin, a tara irinsa. A guji baƙon itacen ƙaya da ake kira Prosopis juliflora, duk da juriyarsa. Ya mamaye wuraren kiwo da dama a ƙasashen Afirka, cire shi ya fi dasa shi wuya nesa.

Atriplex nummularia na Ostireliya, wanda aka dasa da yawa a Maroko da Tunisiya, yana ba da ɗanyen ganye a tsakiyar rani. Ana dasa shi tazarar mita 2 a layi, mita 4 zuwa 5 tsakanin layuka, ba a sa masa dabba sai ya shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Yana jure gishiri amma ba ya jure tsayuwar ruwa a gindinsa, sai a kan kunya. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyensa gishiri ne, don haka ba ya zama abinci shi kaɗai: a haɗa da harawa ko kara, ya zama kamar sulusin abincin, a kuma wadata dabba da ruwa mai daɗi. Duk sabon dashe a hana shi kiwo damina biyu.

Yadda ake kiwonsa

Ka'ida ta farko, ba a shiga da dabba ƙasa tana jiƙe. Kofato yana kirɓa lakar, ta bushe ta zama kamar daɓe. A gwada da ƙafa: idan diddige ya nitse ya bar sawu mai ƙyalli, a koma jigawa. Wannan fili na kaka da farkon rani ne. A ci ƙasa da rabin abin da ya tsiro, a bar sauran a tsaye ya yi wa ƙasa inuwa. A Badger Wash da ke Kolorado, inda aka fara gwaji a 1953 a kan dutsen Mancos, an kwatanta ƙananan kwaruruka da ake kiwo da waɗanda aka killace, aka tarar waɗanda ake kiwo sun fi zubar da ruwa da laka. Lakar nan kuwa da gishirinta take tafiya. Kwamin ruwa, da wurin kwana, da burtali, duk a ɗora su a tudu mai tauri. Kada a ƙone ciyawar wurin.

Ruwan sha shi ke kashe dabba da sauri. Makiyayan Nijar suna kai dabbobi Ingal a ƙarshen damina don su lashi gishiri, kuma yana yi musu amfani, amma lasar 'yan makonni daban take da a ce ruwan ɗaci ne kaɗai abin sha wata da watanni. Da na'urar nan a auna tafkin kai tsaye, ba ninkawa. Ƙasa da 1.5 dS/m ruwa ne mai kyau. Zuwa 5 ana sha, sai dai baƙuwar dabba ta yi zawo na 'yan kwanaki. Daga 5 zuwa 8 shanu da tumaki na iya sha, ban da kaji. Daga 8 zuwa 11 a hana masu ciki da masu shayarwa. Sama da 16 ba ruwan sha ba ne. A riƙa aunawa duk mako biyu da bazara, domin tafkin da ya ragu zuwa rabi gishirinsa ya ninka.

Na'urar ba ta bambance salfet, shi kuwa shi ne mugun a ƙasar dutsen laka. Daga miligiram 1,000 a lita yana hana jiki amfana da sinadarin jan ƙarfe (copper), gashi ya koɗe, maraƙi ya ƙi girma. Wajen 3,000 yana taɓa ƙwaƙwalwa: saniya ta makance, ta riƙa dafa kai a jikin itace, ta ɗaga kai sama, ta faɗi tana shure-shure. A janye garken daga ruwan nan take, a kira likitan dabbobi. Allurar bitamin B1 tana iya ceto idan an yi ta da wuri. Dabbar da ta sha ƙishi a hanya kada a sake ta ta afka wa irin wannan ruwa, a ba ta kaɗan-kaɗan.

Tsirran gishiri da yawa suna tara sinadarin okzalet. A yammacin Amurka Sarcobatus da Halogeton sun sha kashe tumakin da aka saka cikinsu da yunwa. A ƙosar da dabba da busasshiyar ciyawa kafin a shigar da ita sabon wuri mai ganyen gishiri, a ƙara lokacin kiwon a hankali cikin mako guda.

Sai sinadarin seleniyam, wanda wasu duwatsun teku ke ɗauke da shi. A Dakota ta Kudu an daɗe ana ɗora wa ruwan gishiri laifin wata cuta, sai a shekarun 1930 aka gano seleniyam ne daga dutsen Pierre, yana bi ta ciyawa. Alamunsa zubewar gashin wutsiya da gezar doki, da kofato mai tsagewa ko zobe-zobe, da ɗingishi. Abincin da ya wuce miligiram 5 a kilo yana jawo haka idan aka daɗe ana ci. Wasu tsirran da ke tara shi suna warin tafarnuwa. Idan aka ga waɗannan alamu, a mayar da dabbobin wani fili, a daina ba su gishirin lasa na kanti mai ƙarin seleniyam, a yanki ciyawar wurin daga wurare biyar ko shida, a shanya a inuwa, a kai ɗakin gwaji tare da kwalbar ruwan da suke sha.